Ba Duk Mai Tonon Ƙasa Ne Ɓarawon Tarihi Ba

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a Ingila, har a bakin wasu masanan kayan tarihi, cewa mutanen nan da ake gani a gonaki da wuraren shaƙatawa suna lilo da na'urar gano ƙarfe makwaɗaita ne kawai, masu wawure abin da kakanni suka bari. Masu faɗin haka ba ƙiyayya ce ta sa su ba, suna da hujja. Darajar tsohon kwabo ba a jikinsa kaɗai take ba. Tana ga inda ya kwanta, da zurfinsa, da abin da ke kusa da shi. Da zarar an zaro shi an jefa aljihu ba a rubuta komai ba, wannan labarin ya tafi ke nan.

Kuma an yi ɓarnar. A 2015, a yankin Herefordshire, George Powell da Layton Davies suka tono dukiyar da aka binne tun ƙarni na 9, suka ɓoye, suka shiga sayarwa a asirce. Kotu ta ɗaure su a 2019, amma yawancin kuɗin ba a sake ganinsu ba.

To, amma mu duba abin da ya faru a wannan shekarar ta 2015 kusa da garin Watlington. Wani mai suna James Mather, da irin wannan na'ura, ya ci karo da kuɗin azurfa na zamani ɗaya da waɗancan. Bai kwashe ba, sai ya kira jami'in da ke rajistar tsintuwa. A cikin kuɗin aka sami goma sha uku masu wani zane wanda kafin nan biyu kacal aka sani, zanen da Sarki Alfred na Wessex da Sarki Ceolwulf na biyu na Mercia suka buga kowa da sunansa. Marubutan fadar Alfred sun nuna Ceolwulf a matsayin wawa, ɗan amshin shatan maharan da suka zo daga arewacin Turai. Kuɗin nan suka nuna cewa akwai lokacin da sarakunan biyu ke tafiya tare. Yau suna gidan tarihi na Ashmolean a Oxford. Na'ura ɗaya, shekara ɗaya, amma hali ya bambanta.

Haka Dave Crisp ya yi a Frome a 2010. Da ya ga bakin tulu cike da kuɗin Rumawa, sai ya mayar da ƙasa ya rufe, ya jira masana. Su suka kwashe kuɗin hawa-hawa, guda 52,503, abin da ya ba su damar nazarin yadda aka zuba su.

Batun kwaɗayi kuwa, wanda ya shiga wannan sha'awa don ya yi arziki zai gaji da wuri. Abin da na'ura ke yi wa kuka a filin shaƙatawa yawanci marfin kwalba ne, da ƙusa, da guntun gwangwani, sai kwabon da ya zube daga aljihun wani bara ko bariya. In rabo ya rantse, a tsinci zoben aure a mayar wa mai shi. Ko tonon ma ba a yi sai da izinin mai fili, kuma manyan lambunan masarauta na Landan sun hana gaba ɗaya. A gonaki ma, akasarin abin da ake samu yana cikin ƙasar da garma ta riga ta juye shekara da shekaru, inda takin zamani ke cin ƙarfe a hankali. Wanda ya ɗauke shi daga nan ya rubuta wurin, a ganina ceto ya yi.

Abin da ya raba mai ceto da mai sata shi ne cigiya. Mu da muka tashi muna jin hukuncin tsintuwa a makarantar zaure, cewa a yi shekara ana cigiya, ba za mu ga baƙon abu a nan ba. Dokar da Ingila ta kafa a 1996 ta wajabta wa wanda ya tono abin da ya kai matsayin taska ya sanar da hukuma cikin kwana 14. In gidan tarihi na so, a yi masa ƙima a biya, a bisa al'ada a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. A 1997 kuma aka buɗe shirin rajistar ƙananan tsintuwa, wanda gidan tarihi na British Museum ke kula da shi, kuma ya tattara bayanan abubuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi, akasarinsu daga hannun waɗannan da ake zargi.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne giɓin da ke cikin dokar kanta. A 2010 wani ya tono hular yaƙin Rumawa a Crosby Garrett, amma da yake ta tagulla ce, ba zinariya ko azurfa ba, doka ba ta ɗauke ta taska ba. Aka yi gwanjonta a Landan kan fam miliyan 2.3, ta faɗa hannun wani mai kuɗi, gidan tarihin garin Carlisle da ya yi ta neman gudummawa don ya saye ta ya koma hannu rabbana. Mai tonon bai karya doka ba. Sai a 2023 aka faɗaɗa ma'anar taska ta haɗa da duk kayan ƙarfe da ya haura shekara 200 in yana da muhimmanci na musamman ga tarihi, ko da wane irin ƙarfe aka ƙera shi.