Gatan da ke ƙarasa hannun mai shanyewar ɓarin jiki

Idan shanyewar ɓarin jiki ta sami dattijo a gida, iyali sukan karɓe masa komai. A ba shi koko a baki, a sa masa riga, a riƙe masa buta. Hannun da ya shanye kuwa sai a ɗora masa shi a cinya, ya wuni a nan. Tausayi ne, babu mai musu. Amma wannan gatan yana iya ƙarasa hannun da ke da sauran amfani.

Wanda ya fito da wannan magana fili shi ne Edward Taub, masanin ƙwaƙwalwa ɗan Amurka. Da birai ya fara. An yanke wa biri jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga hannu ɗaya, aka bar na motsi lafiya lau, amma birin ya yi watsi da hannun. Da aka ɗaure masa mai lafiyar na 'yan kwanaki, dole ta sa ya koma ɗaukar abinci da wanda ya yasar. (Biran nan sun ja masa shari'a: a 1981 'yan sanda suka shiga ɗakin bincikensa a Silver Spring bisa zargin azabtar da dabbobi, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.) A Jami'ar Alabama da ke Birmingham ya mayar da dabarar kan mutane.

Ga yadda abin ke faruwa. A kwanakin farko majinyaci zai miƙa hannu ya ɗauki kofi, kofin ya suɓuce, ruwa ya jiƙa shi a gaban jikoki. Ya sake gwadawa, haka dai. Sai ya haƙura ya koma wa ɗaya hannun. Bayan makonni ƙwaƙwalwa ta fara farfaɗowa, ƙarfi ya ɗan dawo, amma ta riga ta saba cewa wannan hannun ba ya aiki. Maganin shi ne a sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri, a tilasta wa mai raunin aiki: juya cokali, tsintar wake ɗaya bayan ɗaya, ɓalle maɓallin riga, ana ƙara wahalar sannu a hankali.

A 2006 aka wallafa babban gwajin wannan hanya, mai suna EXCITE, ƙarƙashin Steven Wolf na Jami'ar Emory. Mutum 222 ne, waɗanda ciwon ya same su wata 3 zuwa 9 kafin nan. Rukuni ɗaya ya yi mako 2 da safar a yawancin wuni, da atisaye har awa 6 a ranakun aiki. Bayan shekara guda, hannunsu ya fi na ɗaya rukunin aiki. A Jami'ar Bayero ta Kano ma, Auwal Abdullahi na sashen gashin ƙashi ya yi bincike a kan wannan hanya, yana duba ko ƙirga yawan maimaita motsi zai wadatar maimakon ƙirga awoyi. Tambaya ce mai ma'ana ga wanda ba shi da halin wuni a asibiti kullum.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗaure wa Baba hannu da ɗankwali. Hanyar ta masu sauran motsi ce a wuyan hannu da yatsu, kuma likitan gashin ƙashi ne zai auna. Wanda tafiyarsa ba ta daidaita ba, in aka rufe hannun da yake dafa bango da shi, faɗuwa zai yi. A kuma daina fizgar hannun da ya shanye wajen tayar da majinyaci, domin kafaɗar ta saki, tana iya gocewa.

Gaggawa ma tana da illa. Julie Bernhardt ta Ostareliya ta jagoranci gwajin AVERT a kan mutum 2,104, aka wallafa a 2015. Waɗanda aka yawaita tayar da su daga gado tun cikin awa 24 na farko, kashi 46 cikin ɗari ne suka murmure sosai bayan wata 3, sauran kuwa kashi 50.

Gaggawar da ake so ta ranar farko ce. Baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, addu'a a yi ta a mota. Allurar narkar da gudan jini tana da iyakar awa huɗu da rabi daga fara ciwon, kuma ba a yin ta sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba jijiyar jini ce ta fashe ba.