Daga Gayya Zuwa Alawus: Sana'ar Fafutuka a Gaya da Ajingi

A Kademi ko Toranke, idan ka duba bangon gida kusa da ƙofar zaure, sau da yawa za ka ga rubutun alli: lambobi, layi, da kwanan wata. Damina ta wanke, a dawo a sake. Alamar masu rigakafin shan inna ce, tana nuna an shiga gidan da adadin yaran da aka samu. Wadda takan fara yin sallama kafin mai ɗiga maganin ta shiga ba ma'aikaciyar asibiti ba ce. 'Yar unguwar ce, an san mijinta, an san wanda ya yi mata walicci. Tana da littafi mai ɗauke da sunayen masu ciki da masu jego, kuma ba ta rasa suna, domin ranar suna ce ranar da ake samun jariri da uwarsa da kakarsa a ɗaki ɗaya. Idan maigida ya murtuke fuska, ba ta kawo masa hujjar likita. Cewa take, "Haba Baba, nawa ma na ba su, ga su can suna wasa."

Wannan mata ita ce matakalar farko ta wata sana'a da ba mu gama sa mata suna ba. Wasu su ce aikin ƙungiya, wasu su ce wayar da kai, 'yan boko su ce fafutuka. Shekara talatin da suka wuce, wanda ya tsaya wa talaka a ƙasar Gaya ko dai ɗan siyasa ne ko malami ko dattijon da ba ya tsoron hakimi. Yau akwai matasan da idan ka tambaye su aikinsu za su ce maka suna tare da wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma daga nan suke cefane.

Tsayawa talaka ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950, ta shiga ƙauyuka da maganar haraji da aikin tilas da zaluncin kotun alƙali, 'ya'yanta suka sha bulala da ɗauri. Haraji da jangalin da suka yaƙa sai a zamanin Abubakar Rimi, bayan 1979, aka soke su. Amma ba wanda ya biya ɗan NEPU kuɗin mota. Abin da ya mayar da wannan hali aikin da ake nema da takardar makaranta ya zo daga baya, kuma ta ƙofar da ba a zata ba.

Ƙofar ita ce rigimar shan inna. A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin saboda zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004. Zargin bai fito daga iska ba. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Hukumomin duniya suka gane, bayan sun sha wuya, cewa mota mai tambari da baƙo mai Turanci ba sa buɗe zaure. Da ɗan gari akan ci gari. Aka jawo sarakuna, umarni ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. A 2012 UNICEF ta fara ɗaukar mata 'yan sa-kai daga cikin unguwanninsu tana ba su ɗan alawus. Sakamakon kowa ya gan shi: yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a jihar Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. An biya wannan da jini. A Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano, mata.

A daidai wannan lokaci kuɗin Ingila ya shigo ta wata hanyar. Daga 2008 hukumar DFID ta kawo shirye-shirye irin su ESSPIN a ilimi, PATHS2 a lafiya, da SAVI mai koya wa ƙungiyoyi da 'yan jarida da 'yan majalisa bin diddigin gwamnati. Aka farfaɗo da kwamitin makaranta da kwamitin asibiti da kwamitin raya mazaɓa. Gaya mazaɓu goma gare ta, Ajingi goma, kuma kowane kwamiti yana bukatar wanda zai kira taro, ya rubuta abin da aka tattauna, ya kai rahoto. Sai aka haɗu da ɗimbin matasa masu NCE da difloma da digiri, wasu daga jami'ar Wudil da ke nan kusa, waɗanda suka dawo gida ba aikin gwamnati, ba jari. Bukata ta sami mai bukata. Rediyo ma ta taimaka: tun da Freedom ta buɗe a Kano a 2003, mutanen karkara suka saba jin ɗan ƙauye ya kira ya ce rufin ajinsu ya yaye, kuma wani lokaci a zo a gyara saboda kunya.

Ribar da ta fi girma, a ganina, mata suka ci ta. A wurin da fitar matar aure take bukatar dalili, aikin lafiya ya zama dalilin da miji da uwar miji za su karɓa. Mace ta koyi riƙe rajista, ta buɗe asusun banki saboda alawus ta waya ake turowa, ta saba magana a gaban dagaci. Wasu daga nan suka koma makarantar koyon aikin lafiya. Wanda ya san tarihin 'Yan Taru na Nana Asma'u, da jajin da ke bin ƙauyuka tana karantar da mata, ba zai ce baƙon abu aka shigo da shi ba. Kuɗin ne baƙo.

Akwai kuma lokacin da Gaya ta shiga bakin duniya ba don alheri ba. A Afrilun 2014 aka kama wata yarinya 'yar shekara 14 a wani ƙauyen ƙaramar hukumar, ana zarginta da sa guba a abincin da ya kashe mijinta da wasu mutum uku, kwanaki kaɗan bayan aure. Lauyoyin ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA suka tsaya mata a babbar kotu da ke Gezawa, har gwamnati ta janye ƙarar a 2015. Abin lura a nan shi ne daga ina masu tsayawar suka fito: daga birni. A ƙauyen da abin ya faru babu wanda aikinsa ne ya ji kukan yarinya kafin a ɗaura, ko ya zauna da uba ya ce a dakata. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa tun 2003 aka yi ta, Kano ba ta sa hannu a tata ba sai 2023, kuma doka a takarda ba ta zuwa ƙauye irin Gurduba da ƙafarta.

Nan ne matsalar sana'ar take. Tsani ne wanda ƙafarsa ke Gaya da Ajingi, kansa kuma yana birnin Kano da Abuja. A ƙasa akwai 'yar sa-kai da mai tattara bayanai a waya, ana biyansu da kwana ko da zagaye. A sama akwai jami'in shiri da mai sa ido da mai rubuta takardar neman tallafi, masu albashi da inshora. Abin da ke raba su ba sanin jama'a ba ne, Turancin rahoto ne. Manyan ƙungiyoyin jihar, irin su CITAD da dRPC da gidauniyar Isa Wali, a birni ofisoshinsu suke, haka ma gidan Mambayya inda Jami'ar Bayero ke horar da masu wannan aiki. Yaron da ya nuna ƙwazo a Ajingi, ladansa shi ne a ɗauke shi daga Ajingi.

Na taɓa zama a wani taron bita a sakatariyar wata ƙaramar hukuma a wannan yanki. An kafa kyalle mai tambari uku a bango, an ɗauki hoto kafin a fara. Mai gabatarwa ya yi awa biyu yana juya kalmomin Turanci zuwa wata Hausa da ba a yi da ita a kasuwa. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu fa ruwa ne damuwarmu, rijiyar burtsatsen ta lalace tun bara." Aka ce masa wannan shirin na ilimin 'ya'ya mata ne, ruwa ba ya ciki. Ya yi shiru. Da aka zo rabon takardar sa hannu ta kuɗin mota, ɗakin da ke gyangyaɗi ya farka. Ban ga laifin kowa ba a ɗakin, har mai gabatarwar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuma ladansa daga wanda ya rubuta shirin ya fito. Amma illar ta zauna: a garuruwan da ake haɗuwa a yi wa mutum noma ko yaɓen ɗaki da gayya, tuwo kawai za a ci, yanzu idan ka kira taron gyaran makaranta sai an tambaye ka ko akwai wani abu.

Siyasa ma tana ɗibar rabonta. Matashin da ya yi suna wajen caccakar shugaban ƙaramar hukuma a Facebook, ba a daɗewa sai a ji an ba shi muƙamin mataimaki na musamman, shafinsa ya koma na yabo. Ba kowa ba, amma sun isa su sa jama'a su riƙa kallon duk mai ɗaga murya a matsayin mai neman a kira shi.

Yanzu kuma rijiyar da ake ɗiba tana ja baya. Ingila ta rage tallafinta na waje a 2021, ta sake sanar da wani ragin a Fabrairun 2025. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka, zuwa tsakiyar shekara an rufe hukumar USAID. Wanda ke saman tsani yana da takardun da zai nemi wani aikin. 'Yar sa-kai sai dai ta ji shiru a waya.

Wani abin kuma ya buɗe a gefe. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma hukuncin ya ba ɗan Gaya hujjar tambayar nawa aka turo, me aka yi da shi, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan. A wannan watan ne aka dawo da masarautar Gaya a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu, waɗanda su ne kuma ke da ɗan majalisar wakilai ɗaya. Wato fada ɗaya, ɗan majalisa ɗaya, kasafi uku, duk a inda babur zai kai ka cikin yini. Irin bin diddigin da ƙungiyar Follow The Money ta fara a Bagega ta jihar Zamfara a 2012, da wanda shirin Tracka ke yi kan ayyukan mazaɓu, ba ya cin kuɗi mai yawa: waya, kuɗin mai, da sanin karanta kasafi. Sai dai wannan aiki ba ya da alawus, kuma wanda za ka tambaya ɗan ajinku ne ko surukin yayanka. Shi ya sa har yanzu masu yinsa kaɗan ne, kuma yawancinsu suna da wata sana'ar da ke riƙe da su: malamin firamare, mai shagon cajin waya, mai sayar da taki. Su ne za ka gani tsaye gaban allon kwangila da rana, suna ɗaukar hotonsa, sannan su juya su ɗauki filin da aka ce an gina ajin a kansa.