Ko Kun Sani? Haɗiya Ma Aikin Ƙwaƙwalwa Ce

Ko kun san cewa kurɓin koko guda sai tsokoki fiye da 25 sun haɗa kai kafin ya sauka ciki? Mai ba su umarni yana can gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Shi ke tsai da numfashi na ɗan lokaci, ya rufe hanyar iska, loma ta wuce.

Shi ya sa kusan rabin waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama ke fara fama da ƙwarewa. A 1996, Shaheen Hamdy da abokan aikinsa a Ingila sun nuna cewa ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa duk suna da hannu a haɗiya, amma ɗaya ya fi rinjaye. Idan mai rinjayen ya lalace, ɗayan yakan koyi aikin, da yawa kuwa sukan samu sauƙi cikin makonni.

Kafin nan fa sai hattara. Al'adarmu ta ɗura wa majinyaci ruwa a kwance haɗari ce, don yakan zarce huhu ko tari bai yi ba. Mutumin Kusada ko Kankiya da ya ga ana ƙwarewa, ko murya ta koma ta kurkure bayan shan ruwa, ya garzaya Babban Asibitin Kankiya.