Kiwon murjani cikin akwatin gilashi: digiri ɗaya na iya rushe aikin shekara goma

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cinikin kayan ado ya san murjani, jan dutsen nan da mata ke sawa a wuya da hannu. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, murjani na ainihi ƙashin wata dabba ne ta cikin teku. Jan da ake ado da shi daga Bahar Rum ake ciro mafi yawansa, amma yana da dangi masu tarin yawa a tekunan ƙasashe masu zafi, waɗanda ke gina tuddan alli a ƙarƙashin ruwa. Mafi girmansu yana gabas da Ostiraliya, tsawonsa ya kai kilomita 2300. Waɗannan tuddai ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, alhali kuwa kimanin kashi 25 cikin 100 na ire-iren halittun teku a jikinsu suke ci, suke ɓuya, suke haihuwa.

A ƙasashen Turai, Amurka da Asiya, akwai gidajen kallo da kuma ɗaiɗaikun mutane da ke kiwon irin wannan murjani da ransa, a cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, wanda ake kira akwariyom. Da farko sha'awa ce da ƙawata ɗaki. A yau kuwa, tun da zafi ya soma kashe murjani a cikin teku, kiwon ya zama hanyar ajiyar iri. Abubuwa biyu ne ke riƙe da ran murjani a cikin akwati: zafin ruwa da haske. Matsalar ita ce, su biyun ba su cika jituwa ba, domin fitilar da ke ciyar da shi ita ce kuma ke ɗumama masa ruwa.

Dabbar da ke noma a cikin jikinta

Kafin a gane dalilin wannan wahala, sai an san yadda murjani yake rayuwa. Reshe guda taron ƙananan dabbobi ne da ake kira polip, kowace da bakinta da ƴan yatsu kewaye da shi, suna zaune a manne da juna bisa ƙashin allin da suka gina. A cikin naman kowace polip akwai wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani, masana na ce musu zozantel. Murjani ya ba su masauki da taki, su kuma su yi amfani da hasken rana su haɗa sukari su ba shi. Wani murjanin yana samun har kashi 90 cikin 100 na abincinsa ta wannan hanya, kuma yawancin launinsa daga gare su yake.

Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka yana da sharaɗi. Idan zafi ya wuce kima, ko haske ya yi yawa farat ɗaya, tsirran sai su shiga fitar da wasu sinadarai masu cutar da naman mai masaukinsu. Daga nan murjani ya kore su. Namansa ya koma garau kamar ruwa, farin ƙashin ya bayyana daga ciki. Shi ake kira koɗewar murjani. Wanda ya koɗe bai riga ya mutu ba, amma ya rasa rumbunsa. In ruwa ya huce da wuri, tsirran na iya komowa. In zafi ya ɗore, yunwa da cuta su ƙarasa shi.

Masana sun auna iyakar. Ƙarin digiri 1 kawai bisa zafin da murjani ya saba da shi a watan da ya fi zafi a shekara, in ya ɗore makonni, ya isa ya jawo koɗewa. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, tana lissafin ne da digiri da mako a haɗe: in jimillar ta kai 4, misali ƙarin digiri 1 har mako 4, ana sa ran koɗewa, in ta kai 8, mutuwa ta soma yawa.

Riƙon zafin ruwa

Mafi yawan masu kiwo na tsayar da ruwansu tsakanin digiri 24 da 27, da yawansu kuma sun fi natsuwa da 25 ko 26. Tsayawar zafin wuri ɗaya tana da muhimmanci daidai da adadinsa: ana so bambancin dare da rana kada ya zarce digiri 1. Teku na da yawan da ke hana shi saurin ɗumama ko hucewa, akwati mai lita 300 kuwa yana bin iskar ɗaki cikin ƴan sa'o'i. Shi ya sa ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙo, ko da yake sabon shiga yakan ɗauka akasin haka.

A lokacin sanyi, ana sa sandar ɗumama ruwa mai aiki da lantarki, bisa ƙiyasin wat 1 ga kowace lita. Gogaggun masu kiwo sun fi son ƙananan sanduna biyu a kan babba guda. Dalili kuwa, makunnin da ke cikin sandar yakan lalace, wani lokaci ya maƙale a kunne. Babbar sanda in ta maƙale tana iya dafa duk abin da ke cikin akwati a dare ɗaya, ƙarama kuwa ba ta da ƙarfin yin haka kafin a farga. Daɗin daɗawa, akan haɗa sandunan da wata na'ura ta daban mai nata ma'aunin zafi, wadda ke yanke wuta da zarar ruwa ya haura iyakar da aka sa mata.

Sanyaya ruwa shi ya fi wuya, ya kuma fi tsada. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe murfin akwati, a sa fanka tana hura saman ruwa. Hikimar randa ce: ruwan da ya tashi tururi yana tafiya da zafi. Lita ɗaya in ta tashi, tana iya rage wa lita 300 kusan digiri 2. Sai dai ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma haka murjani yake son sa. Saboda haka abin da ya ragu da tataccen ruwa marar gishiri ake cika shi, kullum, kaɗan-kaɗan. Wanda ya cika da ruwan gishiri ya ƙara wa akwatinsa ɗaci da hannunsa.

Inda fanka ta kasa, sai injin sanyaya ruwa, mai aiki irin na firigo. Bututun cikinsa da ƙarfen titaniyom ake yi, domin ruwan gishiri na cin sauran ƙarafa, tagulla kuwa dafi ce ga murjani. Injin yana fitar da zafin da ya zuƙe zuwa cikin iska, don haka wanda ya kulle shi a kabad ɗin ƙarƙashin akwati ya yi aikin baban giwa. Ana kuma gargaɗi game da zuba ƙanƙara kai tsaye a ranar tsananin zafi: tana sirka gishiri, tana kuma faɗar da zafi da gaggawa. In ta kama dole, sai a sa ƙanƙarar cikin kwalba rufaffiya, a sauko da zafin sannu a hankali.

Akwai wani haɗari da ke tafiya tare da zafi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, alhali a cikinsa ne kifi da murjani suka fi bukatarta. Idan wuta ta ɗauke, famfunan da ke motsa ruwa suka tsaya, kifaye kan soma shaƙewa cikin sa'o'i kaɗan, tun kafin zafi ya yi nasa aikin. Murjani na iya jure kwana biyu ko uku babu fitila, amma ba ya jure ruwan da ya tsaya cik. Shi ya sa batir ko injin wuta na ko-ta-kwana famfo ake fara ba shi, fitila daga baya.

Hasken da ya dace

Hasken rana in ya shiga teku, ruwa na shanye jan launi a cikin mitocin farko, shuɗi ne ke kaiwa zurfi. Tsirran cikin murjani sun saba da shuɗin, da shi suka fi yin aiki. Wannan ne dalilin da ya sa akwatin murjani yake da hasken nan mai kama da baba. Masu sayar da fitilu na rubuta launin da ma'aunin kelbin: fitilar ɗaki mai ja-ja tana wajen 2700, ta murjani kuwa daga 10 000 zuwa 20 000.

Ƙarfin hasken kuma da ma'aunin PAR ake gane shi, wanda ke ƙirga hasken da tsiro ke iya amfani da shi. Murjani mai taushi da mai manyan polip sukan wadatu da 50 zuwa 150. Masu rassa da ƙananan polip, irin su Acropora, waɗanda a teku suke zaune kusa da saman ruwa, suna son 200 zuwa 400. Saboda haka tsarin akwati kamar rabon gona ne: mai son rana a sama, mai son inuwa a ƙasa. Ana kunna fitilu awa 8 zuwa 12 a yini, da agogo mai kunnawa da kashewa, domin murjani na bukatar dare kamar yadda yake bukatar rana. Sabon murjani kuwa, ko tsohon da aka sake wa fitila, a ƙaramin haske ake fara shi, a yi ta ƙarawa cikin makonni. Wanda ya yi gaggawa zai ga koɗewa ko da ruwansa na digiri 25.

A nan ne lissafin haske ke haɗuwa da na zafi. Shekaru da dama, fitilun da ake kira HQI, masu wat 150, 250 ko 400, su ne abin dogaro. Fitila mai wat 250 da ta yi awa 10 a kunne ta ci kilowat-awa 2,5 a yini, wato 75 a wata. Da a ce duk wannan zafi cikin ruwa zai shiga, da ya ƙara wa lita 300 kimanin digiri 7. Mai akwati ke nan yana biyan kuɗin wuta sau biyu: na fitila, da na injin da zai cire zafin fitilar. Fitilun LED sun rage wannan nauyi, domin ba su cin wuta da yawa, zafinsu kuma ta baya yake fita, ana iya rage su ko a ƙara yadda ake so. Shuɗin LED ɗin da wannan sana'a ta dogara da shi aikin wasu masana uku ne ƴan asalin Japan, Akasaki, Amano da Nakamura, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2014.

Daga Monako zuwa Fulorida

Gidan kallon halittun teku na Monako, wanda Yarima Albert na ɗaya ya buɗe a 1910, kuma Kumandan Cousteau ya shugabanta daga 1957 zuwa 1988, yana cikin waɗanda suka share wannan hanya. A 1989, Farfesa Jean Jaubert na jami'ar Nis ya dasa murjanin da aka ɗauko daga Jibuti a wani babban akwati na gidan. Murjanin ya rayu, ya girma, har aka riƙa yankan rassansa ana dasawa kamar rogo. Wannan ya tabbatar da cewa ana iya yaɗa murjani ba tare da an koma teku an fasa wani ba.

Mataki na gaba a Landan aka taka shi. A teku, murjani da yawa na sakin ƙwai sau ɗaya a shekara, cikin ƴan darare bayan wata ya cika, kuma abin da ke sanar da su lokaci shi ne hawan zafin ruwa, tsawon yini da hasken farin wata. A gidan kallo na Horniman, Jamie Craggs da abokan aikinsa suka sa kwamfuta ta kwaikwayi duka ukun da fitilu da na'urorin zafi, kuma a 2013 murjaninsu ya saki ƙwai a cikin akwati. A 2019 gidan kifi na Fulorida ya bi wannan dabara ya samu ƙwan wani murjanin Atilantika da ke dab da ƙarewa.

Amfanin wannan ilimi ya fito fili a watan Yuli na 2023, lokacin da ruwan gaɓar kudancin Fulorida ya yi zafin da ya tayar da hankali, har wani ma'auni a Manatee Bay ya nuna sama da digiri 38. Masu aikin dashe suka kwashe dubban rassan murjani daga gandayensu na cikin teku, suka kai su akwatunan da ke bisa tudu, inda ake iya riƙe zafi da haske. Da ruwa ya huce aka mayar da waɗanda suka tsira. A watan Afirilu na 2024, NOAA ta ba da sanarwar koɗewa ta huɗu da ta game duniya, bayan ta 1998, ta 2010 da ta 2014 zuwa 2017. Daga farkon 2023 zuwa watan Maris na 2025, zafi mai koɗarwa ya shafi kimanin kashi 84 cikin 100 na tuddan murjanin duniya.

Mai akwati yana da ma'auni, yana da fanka, yana da makunnin da zai kashe in ruwa ya ɗumama. Teku ba ya da ko ɗaya daga cikinsu, kuma miliyoyin masunta, daga Indonisiya har gaɓar Bahar Maliya, da kifin tuddan nan suke ciyar da iyalinsu. Akwati na iya ajiye iri kamar yadda manomi ke ɓoye damin gero a shekarar fari, amma iri ba ya amfani sai an samu gonar da za a shuka shi. Muddin zafin teku na ci gaba da hawa, murjanin da aka ceto zai daɗe yana jira a bayan gilashi.