Daga kurkuku zuwa kujerar farfesa: Yadda masu gyaran ƙashin baya suka koma binciken sana'arsu

A watan Satumba na shekarar 2019, masu bincike 50 daga ƙasashe 8 suka hallara a birnin Toronto na ƙasar Kanada domin warware wata taƙaddama da ta daɗe tana raba kan 'yan sana'ar kairofaraktik, wato masu gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu. Tambayar da ke gabansu guda ce: shin danna ƙashin baya yana maganin cututtukan da ba su shafi ƙashi da tsoka ba? Sun tace dubban rubuce-rubucen bincike, suka ware 'yan kaɗan da suka cika ƙa'ida, waɗanda suka shafi ciwon cikin da ke sa jarirai yawan kuka, da asma ta yara, da hawan jini, da ciwon marar al'ada, da ciwon kai na ɓari guda. Sakamakon da suka wallafa a 2021 ya nuna babu hujjar cewa danna ƙashin baya yana warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Abin lura shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka yanke wannan hukunci 'yan sana'ar ne da kansu. Jagoran aikin, Farfesa Pierre Côté na Jami'ar Ontario Tech, da kairofaraktik ya fara kafin ya zurfafa a ilimin yaɗuwar cututtuka. Ba kasafai ake samun mai sana'a ya tsaya gaban jama'a ya rage wa hajarsa daraja ba, amma a wannan fage kusan aikin malamin jami'a ke nan.

Batun ya shafi duk wanda ke yini a kujerar ofis, ya tashi ya sake shafe sa'a guda ko biyu a cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa kafin ya isa gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. A faɗin duniya babu larurar da ta kai shi hana mutane gudanar da harkokinsu. Inda ciwo ya yawaita haka, masu tallan magani ma kan yawaita, shi ya sa yake da amfani mutum ya san abin da bincike ya tabbatar da abin da ya ƙaryata.

Mafarin sana'ar

A 1895, a garin Davenport na jihar Iowa ta Amurka, wani mai suna Daniel David Palmer, wanda bai yi karatun likita ba, ya danna bayan wani mai kula da ginin da ofishinsa yake, Harvey Lillard, wanda ya daɗe yana fama da matsalar ji. Palmer ya ce daga nan jin mutumin ya dawo. A kan wannan labari ya gina aƙidarsa cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka suna faruwa ne saboda gocewar ƙasusuwan baya, waɗanda ke danne jijiyoyi su hana wani ƙarfi na halitta zagayawa a jiki. An haɗa sunan sana'ar daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin aiki da hannu, ya kuma buɗe makaranta a 1897.

Masana ƙirar jikin ɗan Adam ba su gamsu ba, domin jijiyar ji a cikin ƙoƙon kai take, ba ta bi ta gadon baya. A 1906 aka ɗaure Palmer bisa laifin yin aikin likita ba tare da lasisi ba. Ɗansa, B. J. Palmer, ya ci gaba da makarantar ya kuma bunƙasa ta. Gabar da ke tsakaninsu da likitoci ta yi tsamari har Ƙungiyar Likitocin Amurka ta kafa kwamiti na musamman a 1963 domin yaƙi da sana'ar. Chester Wilk da wasu abokan aikinsa suka kai ƙara a 1976, kuma a 1987 kotun tarayya ta samu ƙungiyar da laifin haɗa baki don durƙusar da abokan gasa.

Sai dai kotu hukuncin kasuwanci ta yanke. Ba ta ce aƙidar Palmer gaskiya ce ba. Wannan tambaya ta jira waɗanda za su auna ta da ma'aunin kimiyya.

Shiga zauren jami'a

Kusan ƙarni guda ana koyar da sana'ar a kwalejoji masu zaman kansu, waɗanda kuɗin ɗalibai ke riƙe da su. Malami a irin wannan wuri aikinsa koyarwa ne, ba shi da sararin bincike, kuma babu mai ba shi lada idan ya gano cewa abin da ake koyarwa ba daidai ba ne. Sauyi ya fara ne lokacin da wasu jami'o'in gwamnati suka buɗe ƙofa. Jami'ar Macquarie da ke Sidni a Ostireliya ta karɓi fannin a 1990, Jami'ar Quebec reshen Trois-Rivières ta bi sahu a 1993. A birnin Odense na Denmark an fara a 1994, kuma har yau ɗaliban fannin a Jami'ar Kudancin Denmark suna ɗaukar mafi yawan darussan digirin farko tare da ɗaliban likitanci. Haka tsarin yake a Jami'ar Zurich ta Suwizalan tun 2008. A nahiyar Afirka, Jami'ar Fasaha ta Durban da Jami'ar Johannesburg, duka a Afirka ta Kudu, su ne suka yi suna wajen koyar da shi.

Ba ko'ina aka yi marhabin ba. A 2005 yunƙurin kafa makarantar kairofaraktik a Jami'ar Jihar Florida ya rushe bayan malaman jami'ar sun yi bore, suna cewa fannin bai cancanci zama tare da kimiyya ba.

Denmark ta yi wani abu da ya bambanta ta da sauran. A yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiyar 'yan sana'ar da hukumomin lafiya na yankuna, ana ware wani kaso na kuɗi zuwa asusun bincike da ƙarin ilimi. Daga nan ake ɗaukar nauyin masu digirin digirgir. Amfanin hakan ya bayyana a 2018, lokacin da mujallar likitanci ta The Lancet ta fitar da jerin maƙaloli kan ciwon ƙugu: sunan da ke kan gaba a maƙala ta farko na Farfesa Jan Hartvigsen ne na Odense, wanda asalinsa ɗan kairofaraktik ne. Jerin maƙalolin ya soki yawan ɗaukar hoton baya ba dalili, da yawan tiyata, da ba da magungunan kashe raɗaɗi masu sa jaraba.

Hanyar zama malami a fannin doguwa ce. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 sun nemi aƙalla sa'o'i 4,200 na horo cikin shekara huɗu. Bayan wannan, mai son bincike yakan nemi digiri na uku a wani fanni daban, kamar ilimin yaɗuwar cututtuka, ko kimiyyar jijiyoyi, ko injiniyancin motsin jiki. A can yake koyon shakkar abin da aka koya masa. Sau da yawa kuma yakan haƙura da kuɗin da zai samu a asibitin kansa, ya rungumi albashin jami'a da wahalar neman tallafin bincike.

Me binciken ya gano?

Bari mu fara da ƙarar nan ta "ƙas" da ake ji idan an danna baya, wadda mutane da yawa ke ɗauka alamar ƙashi ya koma gurbinsa ce. A 2015, Farfesa Greg Kawchuk na Jami'ar Alberta da abokan aikinsa suka sa hannun wani mutum cikin na'urar MRI, suka riƙa jan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar hoto. Suka ga cewa a daidai lokacin ƙarar, wani gurbi na iska ne ke buɗewa cikin ruwan gaɓa. Ba wani ƙashi da ya goce balle ya koma. Tun kafin wannan, a 2010, hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya ta bayyana cewa babu binciken asibiti da ya nuna "gocewar" da Palmer ya yi magana a kai tana haddasa cuta.

A ɓangaren ciwon baya kuwa, labarin ya fi daɗi, ko da yake bai kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. A 2019 Sidney Rubinstein na Amsterdam da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 9,211, suka wallafa a mujallar BMJ. Sun gano cewa ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu, danna ƙashin baya yana ba da sauƙi kwatankwacin sauran hanyoyin da likitoci ke ba da shawara, irin su motsa jiki. Bai fi su ba, bai kuma gaza su ba. A Amurka, gwajin da Christine Goertz ta jagoranta a kan sojoji 750, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna waɗanda aka ƙara wa kairofaraktik a kan kulawar da aka saba sun ɗan fi samun sauƙi bayan mako 6. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya danna ƙashin baya cikin hanyoyin da za a iya amfani da su ga daɗaɗɗen ciwon ƙugu, amma bisa sharaɗi, kuma a matsayin ɓangare na kulawa mai faɗi.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana da nasaba da wahalar binciken kansa. Idan ana gwada ƙwaya, ana iya bai wa rabin mutane ta bogi ba su sani ba. Ba shi da sauƙi a yi wa mutum dannar bogi bai gane ba, mai dannar kuwa dole ya san abin da yake yi. Ga shi kuma yawancin sabon ciwon baya yana lafawa da kansa cikin 'yan makonni, sai wanda ya taɓa mara lafiya a ƙarshe ya kwashe yabon, kamar dai faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Akwai kuma batun haɗari. Mafi yawan illolin dannar ba su wuce tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba. Abin da ake jin tsoro shi ne murɗa wuya, saboda an samu mutanen da jijiyar jininsu ta wuya ta tsage, suka kamu da shanyewar ɓarin jiki bayan an yi musu. Binciken David Cassidy na 2008 a lardin Ontario ya nuna irin wannan alaƙa tana nan har ga waɗanda suka je wurin likitan iyali, abin da ke nuna mai yiwuwa tsagewar ce ta fara, ciwon wuyan da ta haifar ya kai su neman magani. Har yanzu masana na muhawara a kai, don haka wajibi ne a sanar da mara lafiya kafin a taɓa wuyansa.

Rikicin cikin gida

Wannan aiki bai yi wa kowa daɗi ba. Har yau sana'ar ta kasu gida biyu: masu bin hujja, waɗanda suka taƙaita aikinsu ga ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, da masu riƙe da tsohuwar aƙida. A 2008 marubucin kimiyya Simon Singh ya soki Ƙungiyar Kairofaraktik ta Birtaniya a jaridar Guardian kan iƙirarin magance cututtukan yara. Ƙungiyar ta maka shi a kotu bisa zargin ɓata suna, daga baya ta janye ƙarar a 2010, bayan shari'ar ta jawo aka bi diddigin tallace-tallacen ɗaruruwan mambobin sana'ar. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Shari'ar na daga cikin abubuwan da suka kai ga gyara dokar ɓata suna ta Ingila a 2013.

Malamin jami'a a wannan fanni yana tsakanin wuta biyu. Wasu likitoci na kallon sa da tarihin Palmer, wasu 'yan uwansa na sana'a kuma suna ganin yana fasa musu tukunyar abinci.

Abin ɗauka ga mai ciwon baya

A Najeriya, kairofaraktik na cikin sana'o'in da ke ƙarƙashin hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988 kuma take rajistar likitocin fisiyo. Duk wanda ya kafa allo a Wuse ko Garki yana kiran kansa ƙwararre, haƙƙinka ne ka tambaye shi inda ya yi karatu da shaidar rajistarsa. Likitocin fisiyo, waɗanda jami'o'i irin su Bayero da Ibadan ke yayewa, su ma suna koyon aikin hannu a kan gaɓoɓi tare da motsa jiki.

Binciken da aka ambata ya ba da ma'auni mai sauƙi. Wanda ya ce zai taimaka maka da ciwon ƙugu na 'yan makonni, ya haɗa maka da motsa jiki, ya kuma ce ka ci gaba da harkokinka, yana kan abin da aka tabbatar. Wanda ya yi alƙawarin raba ka da hawan jini ko ciwon suga, ko ya nemi ka biya kuɗin zuwa na wata da watanni tun ranar farko, ya wuce gona da iri. Idan kuma ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko ya biyo bayan haɗari, to asibiti za a nufa kai tsaye. Tarin fuka na iya cin ƙashin baya, haka ma daji da sikila, kuma danna irin wannan ƙashi na iya jawo nakasa.

Palmer ya yi alƙawarin maganin kusan kowace cuta. Bayan shekara 130, magadansa da suka kai kujerar farfesa sun tsaya a kan abu ƙalilan: sauƙi matsakaici ga ciwon baya, ga wasu mutane, na wani lokaci. Wanda baya ya hana shi barci ya san wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, muddin iyakar abin da aka sayar masa ke nan.