Gyaran jijiyar jini ba tare da fiɗa ba

Jama'a, in hatsarin moto ko sukar wuƙa ya yaga babbar jijiyar jini, ba kullum ake fiɗa ba. Likita kan huda jijiyar matsematsi, ya tura siririn tiyo yana kallon hoto har wurin raunin, ya sa ɗan bututu ya rufe yagar daga ciki.

Amma fa da saura. Jini na iya daskarewa cikin bututun, wurin hudar ya kumbura, ruwan da ake ɗurawa don hoton kuma kan wahalar da ƙoda. In an sallamo ɗan uwanku, sai ƙafar ta yi sanyi, ta sage, ga azabar ciwo, kar a tsaya gashi da ruwan zafi. Awa 6 babu jini, nama ya fara mutuwa. A koma likita nan take.