Sinadaran da Mabiyiya ke Haɗawa

A Duvu, kamar sauran ƙauyukan da ke kewaye da Mubi, da mabiyiya ta faɗo sai ungozoma ta wanke ta, a haƙa rami a binne. Ba kowa ya san aikin da ta yi wata tara ba. Ta cikinta abinci da iska ke kaiwa ga jariri, kuma ita kanta tana haɗa sinadarai masu hanzarta ayyukan jiki, waɗanda ake kira inzayim.

Wanda ya fi burge ni shi ne wanda ake rubutawa ALP a takardar gwajin jini. Hanta na yin sa, ƙashi na yin sa, mabiyiya ma na yin nata. A watanni ukun ƙarshe na ciki yakan ninka sau biyu ko fiye. Nan ake samun ruɗani. Miji ya karɓo takarda, wani mai rabin sani ya duba ya ce "ai ciwon hanta ne", sai a shiga neman saiwa da sassaƙe. Haba! Mabiyiyar ce ta girma. In an haihu, cikin 'yan makonni zai sauka da kansa. Sai dai in akwai shawara ko ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa, wannan a garzaya asibiti.

Ta yaya ake bambance ALP na mabiyiya da na hanta da na ƙashi? Da zafi. A ɗumama jinin zuwa digiri 65: na ƙashi da na hanta su lalace, na mabiyiya yana nan daram. Ganin haka, likitocin shekarun 1960 da 1970 suka so su riƙa auna lafiyar jariri da shi. Bai ba da tabbaci ba, na'urar hoton ciki ta ƙwace aikin.

Akwai wani inzayim kuma na mabiyiya, 11-beta-HSD2, mai rage ƙarfin kotisol, sinadarin damuwar uwa, kafin ya isa ga jariri. A 1993 masu bincike a Edinbara suka ga cewa a ɓeraye, inda ya yi ƙaranci 'ya'yan sukan fito ƙanana.

Duk wannan aiki sai mabiyiya na da lafiya. A ƙasarmu dai, babban mai lalata mabiyiya zazzabin cizon sauro ne, musamman da damina. Ƙwayoyin cutar kan maƙale a cikinta ko da uwa ba ta ji zazzabi ba, jariri ya fito bai kai kilo 2.5 ba. Shi ya sa ake ba masu ciki Fansidar da gidan sauro a wurin awo.